Rufin Asiri a Birnin Yamai: Tarihin Zaman Iyali Cikin Tsada, 1926 zuwa 2024

Gabatarwa

Idan aka tambayi magidanci a Yamai labarin gida, ba kasafai yakan ce yana cikin wadata ba, ko da kuwa yana da ita. Amsar da aka fi ji ita ce, "Alhamdu lillahi, asiri a rufe." A cikin wannan ƴar jimla Bahaushen birni ya taƙaita abin da yake nema: a ɗora tukunya kullum, a biya haya a kan kari, yara su fita da sutura, baƙo ya sauka ya tashi bai ga gazawar gidan ba, a kuma yi duk wannan ba a kai kuka wurin maƙwabci ba. Wanda ya samu haka shi ake cewa yana zaune lafiya da iyalinsa.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda iyalai, musamman na Hausawa, suka riƙa neman wannan rufin asiri a Yamai tun daga 1926, shekarar da aka mai da garin babban birnin Nijar, har zuwa 2024. An amfana da ƙidayar jama'a da gwamnati ta yi sau huɗu, da binciken da Suzanne Bernus ta buga a 1969 a kan ƙabilun birnin, da na Arouna Hamidou Sidikou na 1980 a kan unguwanninsa, da tarihin yunwa a Sahel wanda Boureima Alpha Gado ya buga a 1993. An kuma amfana da shaidar harshe, watau sunayen unguwanni da kalmomin da mutane suka ƙirƙiro ko suka aro don faɗin halin da suke ciki.

Abin da za a nuna shi ne, albashi ko ribar kasuwa kaɗai ba su taɓa riƙe gida a Yamai ba. Kowane zamani da abin da iyali suka jingina da shi bayan kuɗin hannu, kuma duk sa'ad da tsada ta yi tsanani, wannan majingina ce take fara jin nauyi. Batun ya shafi masu tsara karatun manya kai tsaye, domin yawancin littattafan da aka shirya tun kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963 manomi aka nufa da su, alhali jikan manomin nan yana birni yana fama da takardar haya da ta wuta.

1. Zango da cin rani, kafin 1946

Kafin zuwan Faransawa, wurin da Yamai take ƴan ƙauyuka ne a gaɓar kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa: Gudal, Yantala, Gamkalle, Saga da Yamai kanta a gefe guda, Lamorde ta Fulani kuwa a ƙetare. Garin da ya yi suna a yankin cikin ƙarni na 19 shi ne Sayi, inda Heinrich Barth ya ƙetare kogin a 1853. Faransawa sun kafa bariki a Yamai a farkon ƙarni na 20, suka mai da ita mazaunin mulkinsu na soja, a 1911 suka ƙaura Damagaram, a 1926 kuma gwamna Jules Brévié ya komo da babban birni bakin kogi. A lokacin mutanen garin ba su wuce ƴan dubbai ba.

Hausawan da suka fara zama fatake ne, da mahauta, da dukawa, da ƴan koli, da malamai, daga Arewa ta Dogon Dutsi, da Kurfai ta Filinge, da Adar, da Ƙonni, da ƙasar Sakkwato. Sun zo da tsarin da suka saba da shi a kan hanyar goro ta Gwanja, watau zango. Baƙo yakan sauka wurin mai gida, a ba shi ɗaki da tuwo, a nuna masa kasuwa, a tsaya masa idan ya shiga rigima. Shi kuwa ya biya da la'ada ko da aikin hannunsa. Unguwar Zango da ke tsakiyar birnin daga nan ta samo sunanta.

Yawancin waɗannan baƙi maza ne da suka bar matansu da ƴaƴansu a gida. Sukan zo bayan kaka, su koma da faɗuwar ruwa, da kuɗin haraji da tufafin salla a jaka. Ke nan dabarar farko da Bahaushe ya yi wa tsadar birni ita ce ƙin kawo iyalinsa cikinsa. Rumbu yana ƙauye, baki ɗaya ne yake ci a gari, cin rani kuma yana rage wa rumbun nan nauyi na wata biyar ko shida.

Abu biyu suka fara sauya wannan tsari a shekarun 1930. Na farko yunwar 1931 zuwa 1932, wadda fara da ƙarancin ruwa suka jawo a yammacin ƙasa, ga kuma haraji da aikin tilas da hukuma ba ta sassauta ba. Mutane suka kwararo Yamai da mata da yara, waɗansu ba su sake komawa ba. Na biyu tsarin gari da Turawa suka zana: unguwarsu a kan tudu, ta ƴan ƙasa a ɗaya gefen kwarin Gunti Yena. Bayan gobarar da ta cinye ɗakunan ciyawa a tsakiyar shekarun nan, aka matsa wa mutane su yi gini da laka a filayen da aka yanka. Daga ranar makwanci ya zama abin saye. Wanda ba shi da halin gini sai ya kama haya ko ya matsa bakin gari ya kafa bukka, kuma irin wannan zama ne daga baya ya ba unguwar Bukoki sunanta.

2. Albashi da iyalin takarda, 1946 zuwa 1970

A watan Disamba na 1945 aka ƙirƙiro kuɗin sefa, a 1946 aka soke aikin tilas, Faransa kuma ta fara zuba kuɗin gine-gine a ƙasashen da take mulka. Yamai ta cika da leburori da magina, aka kuma samu wani rukuni na masu albashin wata: akawuna, malaman lakwal, ma'aikatan asibiti da na gidan waya. Su ne suka fara zama a birni da iyalinsu shekara cur.

Dokoki uku suka tsara rayuwar wannan rukuni: dokar Lamine Guèye ta 1950 a kan daidaita haƙƙin ma'aikatan gwamnati, dokar aiki ta 1952, da kuɗin tallafin iyali da aka fara ba ma'aikatan kamfanoni a 1956. Ya kamata a lura da irin iyalin da waɗannan dokoki suka sani. Iyali a wurin hukuma shi ne matar da take da takardar aure da ɗan da yake da takardar haihuwa. Amma gidan ma'aikacin ya fi haka faɗi: akwai ƙanen da aka kawo karatu, da ɗiyar riƙo, da tsohuwar da ta zo ganin likita, da ɗan garinsu da ya zo neman aiki bai samu ba tukuna. An auna albashi da iyalin takarda, gida kuwa shi yake cinye shi.

Abin da ya cike giɓin shi ne ƙauye. Bayan kaka akan aiko da buhun hatsi, da wake, da man shanu, wani lokaci da ragon layya. Ma'aikacin kuwa yakan aika da kuɗin haraji, da sukari, da turmin atamfa, ya kuma buɗe ƙofarsa ga duk wanda aka turo. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara, kuma a shekarun nan gida biyun suna tallafar juna kusan daidai wa daida.

Da aka samu mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, mutanen Yamai kusan 30,000 ne. Bankin lamuni na Crédit du Niger da kamfanin gine-gine na SONUCI sun taimaki masu takardar albashi su mallaki gida. Sauran jama'a sai gidan haya na laka: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya, babu famfo. Ruwa sai an saya wurin masu kiran "ga ruwa", kiran da ya zama sunan sana'ar har a bakin Zabarmawa da masu jin Faransanci. Tun daga lokacin wanda ba shi da famfo ya fi mai famfo biyan kuɗi a kan kowace garwa.

Gidan haya ya sauya zaman mata ƙwarai. Babu zaure, babu sashen da ya keɓanta, maƙwabciyar ɗaki kuma tana iya zama Bazabarma, ko Bafillata, ko mutuniyar Dahome. Yara suka tashi da Hausa da Zabarmanci tare. A tsakar gidan nan ne matan suka kafa sana'o'insu na fura, da ƙosai, da waina, da dambu, da kitso, suka kuma kafa adashi da maƙwabtan da ba danginsu ba.

3. Fari da uraniyum, 1970 zuwa 1982

A 1970 aka buɗe gadar Kennedy, birni ya ƙetara kogi. A 1971 aka fara haƙar uraniyum a Arlit, aka kuma kafa cibiyar ilmi mai zurfi wadda ta zama jami'a a 1973. Amma a daidai wannan lokaci fari ya kai matuƙa. A 1973 da 1974 dubban makiyaya, Abzinawa da Fulani, na Nijar da na Mali, suka taru a sansanin Lazare bayan dabbobinsu sun ƙare. Ga iyalan birni, ma'anar farin ita ce buhun hatsi ya daina zuwa daga ƙauye. Hanya ta juya: ɗan birni ne yake bin layin hukumar abinci ta OPVN, wadda aka kafa a 1970, ya sayi hatsi ya aika gida, baƙinsa kuma suka ninka.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kunce ya hau mulki. Ba a jima ba kuɗin uraniyum ya tashi a kasuwar duniya, a 1978 kuma aka buɗe mahaƙa ta biyu a Akuta. Aka ƙara albashi, aka ɗauki ma'aikata, aka yi manyan gine-gine, a 1976 aka jawo wutar lantarki daga madatsar Kainji ta Nijeriya. Ƙidayar 1977 ta samu fiye da mutum 200,000 a Yamai, watau birnin ya ninka wajen sau bakwai cikin shekara 17.

Arzikin ya zo da tsadarsa. Masu hali suka gane cewa gidan siminti da aka ba baƙon Bature ko kamfani haya ya fi kowace sana'a riba, sai fili ya zama taska, kuɗin haya ya hau. Marasa hali suka sayi ƙasa hannun masu gonaki ba tare da takardar hukuma ba, unguwanni irin su Talaje suka bunƙasa, mazaunansu na kwana da tsoron rusau. Abinci ma ya sauya. Surfe da daka suna cin lokaci da ƙarfi, itace kuma na saye ne, saboda haka shinkafa da masarar injin niƙa suka fara ture hatsi daga tukunyar rana. Shinkafar da ake nomawa a fadamun kogi ba ta isa ba, sai wadda ake shigowa da ita ta tashar Kwatano. Daga nan tukunyar Yamai ta ɗauru da hanyar teku mai nisan fiye da kilomita 1,000.

Kuɗin aure da na suna su ma suka hau, har gwamnatin Kunce ta yi ƙoƙarin ƙayyade su. Dokar ba ta yi tasirin da aka zata ba, dalili kuwa a fili yake ga wanda ya san biki. Abin da mace take kai wa ƙawarta ranar suna ajiya ce da za a mayar mata da ƙari ranar nata sha'anin. Hukuma ta ga almubazzaranci, matan kuwa asusunsu suke tsarewa.

4. Shekarun ƙunci, 1982 zuwa 2005

Daga 1980 kuɗin uraniyum ya fara faɗuwa, masifu kuma suka biyo juna. A 1982 babbar kasuwa ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 1987. A 1983 Nijeriya ta kori baƙin da ba su da takardu, ƴan ci-rani da yawa suka komo hannu wofi. A 1984 damina ta ƙi, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta har 1986, abin da ya sa a ƙasar Hausa ta Nijar aka laƙaba wa yunwar shekarar suna El Buhari. Tun 1983 gwamnati ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, takardar jami'a ta daina zama tabbacin aiki. A 1990 bankin BDRN ya durƙushe da ajiyar mutane a ciki. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy, a 1991 aka yi babban taron ƙasa, shekarun da suka biyo kuma ma'aikata suka riƙa yin watanni ba albashi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100, kayan waje suka yi tsalle. Mafi ƙarancin albashi kuwa ya daɗe a kan sefa 18,898, sai a 2006 aka ɗaga shi zuwa 28,347. Duk da haka birnin bai daina girma ba: kusan mutum 400,000 a ƙidayar 1988, kimanin 700,000 a ta 2001.

Yaya gidaje suka tsaya? Da farko an rage tukunya. Gidaje da yawa suka koma girki ɗaya a yini, da safe a ba kowane yaro ƴan kuɗi ya sayi koko ko shinkafa da wake a bakin titi. Wanda yake sayen buhu ya koma tiya, mai tiya ya koma sayen abin da za a ci yau, sukari a ƙulle, mai a cokali, wurin mai tebur da yake ba da bashi. Wannan saye na ƙwaya-ƙwaya ya fi na buhu tsada, saboda haka talaka ya fi mai hali biyan kuɗi a kan abinci iri ɗaya, kamar yadda aka gani game da ruwa. Ma'aikata da dama suka nemi gona a bayan gari ko lambu a bakin kogi. Faɗuwar naira daga 1986 ita ma ta kawo sauƙi, domin fetur, da atamfa, da sabulu, da magani na Nijeriya sun yi araha a kasuwannin Nijar.

Amma babbar majinginar wannan zamani ita ce sana'ar mata. A al'ada da shari'a, ci da sha da sutura da muhalli suna kan miji, kuɗin mace nata ne. Da albashi ya yanke, ribar ƙosai da kwasar adashi suka shiga cefane, suka biya kuɗin makaranta, wani lokaci har haya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, wanda ya ɗora a kan adashin gargajiya ya ƙara masa rance, ya kuma bazu cikin ƙasa. Abin lura shi ne yadda aka yi wannan sauyi ba a faɗe shi ba. Matar da ta ciyar da gida takan miƙa wa baƙo akushi da sunan mai gida. A nan kalmar rufin asiri ta samu cikakkiyar ma'anarta: ɗaya ya ɗauki nauyin da yake na ɗaya, waje bai ji ba. Inda aka kasa wannan haƙuri, ko inda miji ya mai da taimakon wajibi, kuɗin cefane ya zama sanadin yaji da saki.

Samari kuwa aure ya yi musu nisa, tun da yake ba a kai amarya sai da ɗaki. A shekarun 1990 majalisun shayi na bakin titi suka yawaita, aka kira su fada, kalmar da asalinta take nufin majalisar sarki. Saurayin da ba shi da zaure ya yi wa kansa fada da benci da buta.

5. Tsadar rayuwa ta fito fili, 2005 zuwa 2024

A watan Janairu na 2005 gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa, da madara, da sukari, da ruwa, da wuta. Haɗin gwiwar ƙungiyoyin farar hula, wanda Nouhou Arzika ya shugabanta, ya fito da dubban mutane titi a watan Maris, aka rufe kasuwanni, a watan Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan harajin. A shekarar nan kuma yunwa ta kama jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ta fuskar harshe, a lokacin ne furucin "tsadar rayuwa" ya zauna daram a rediyo da bakin jama'a. Abin da kowane gida yake ɓoyewa a matsayin gazawarsa ya samu suna na tarayya, wanda mutum zai iya faɗa bai tona asirin kansa ba.

Ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum miliyan ɗaya a Yamai. Mai neman fili mai araha ya samu kansa tsakanin zaɓi biyu, kowane da kuɗinsa. Ko ya yi nisa da tsakiyar gari, abin da ya rage a haya ya tafi ga taksi da faba-faba da kabu-kabu, ya fita yara na barci ya komo sun yi barci. Ko ya sauka kwari da gaɓar kogi, inda ambaliya ta rushe gidaje a 2012, da 2020, da 2024. Dajin bedi da aka fara dasawa kewaye da birnin a 1965 shi ma ya cika da bukkoki. Kuɗin makarantun kuɗi ya shiga lissafin gidaje masu matsakaicin hali. Wayar salula da kamfanonin aika kuɗi sun sa buƙatar ƙauye tana isowa cikin minti ɗaya, taimako kuma yana tafiya haka, sai dai an ce zumunta a ƙafa take, kuma ziyarar da ake komowa da buhun hatsi ta ragu. Girman iyali ma ya bambanta: binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwa 7.6 ga mace a ƙasa baki ɗaya, 5.3 a Yamai.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta yanke wuta, hanyar Kwatano ta rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Kuɗin shinkafa ya hau. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. A farkon shekarar kuma mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047, inda yake tun 2012, zuwa 42,000. Abin da aka ƙulla a shekarun 1970, sa'ad da shinkafar teku da wutar Kainji suka shiga gidajen Yamai, a 2023 aka ga iyakar nauyinsa.

6. Shaidar kalmomi

Sunayen unguwanni sun adana wannan tarihi cikin harsuna uku. Na Hausa sukan faɗi abin da ido ya gani ko abin da zuciya take fata: Zango, Bukoki, Katako, Sabon Gari, Wadata. Na Zabarmanci haka: Harobanda, watau bayan ruwa, Kwara Tegi, sabon gari, Banizumbu, lafiya ta sauka, Kwara Kano, gari mai daɗi. Na Faransanci kuwa aikin hukuma suke tunawa, kamar Lazare, wurin keɓe marasa lafiya, da Lakurusu, filin sukuwa.

Kalmomi uku suna bukatar a rarrabe su. Wadata ana auna ta da abin da yake hannu. Wadatar zuci hali ne na mutum shi kaɗai, yana iya samunta a bukka. Rufin asiri kuwa yana tsakanin gida da waje, ba ya samuwa sai da haɗin kan mutanen gida da kawaicin maƙwabta. Shi ne ma'aunin da iyalan Yamai suka fi amfani da shi, kuma wannan yana da sakamako ga mai bincike. Wanda ya fassara tambayar Faransanci kai tsaye ya ce, "Kuna cikin talauci?" ya nemi magidanci ya tona abin da ya shekara yana rufewa, amsar da zai samu kuwa godiya ce ga Allah. Tambayar da take kawo amsa ita ce ta ƙirga: sau nawa aka ɗora tukunya jiya, tiya nawa aka auna a mako, watan haya nawa ake bi. Ya kyautu kuma a tambayi uwar gida daban, domin rabin lissafin yana hannunta.

7. Abin da ya shafi karatun manya

Bayan taron Bamako na 1966 da ya daidaita rubutun harsuna, darussan yaƙi da jahilci a Nijar sun fi karkata ga manomi da ƙungiyar haɗin kai: awon gyaɗa, karanta sikeli, lissafin iri da taki. Tarihin da aka bayyana a sama yana nuna cewa ɗalibin birni yana da nasa bukatu.

Na farko lissafin kuɗi. Baki yana ƙirga da dala, takarda tana rubuta sefa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Abin da aka rubuta 500 ana kiransa dala ɗari, jika ɗaya kuma sefa 1,000 ce, watau dala 200. Macen da ta iya wannan lissafi da ka tana iya ruɗewa idan ta gan shi a rubuce, saboda haka darasin lissafi ya kamata ya fara da wannan juyi.

Na biyu takardun da suke tsare gida: rasiɗin haya, takardar ruwa da ta wuta, takardar mallakar fili, takardar haihuwa. Da Faransanci ake rubuta su, kuma a kansu ne marar karatu ya fi cutuwa. Ana bukatar daidaitattun kalmomin Hausa da za su fassara abin da yake cikinsu, a kuma yi darasi da takardun na gaskiya. Tun da yake kundin ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wannan aikin kalmomi ya ƙara zama na gaggawa.

Na uku littafin adashi da na bashi. Asusun mata ya dogara ga amana da tunani, idan ya girma kuwa sai da rubutu. Ajin da ya koya wa uwar adashi jera sunaye da zubi da kwasa ya ba ta abin da za ta yi aiki da shi a makon nan. Lokacin ajin ma a duba shi: a ƙauye rani ne lokacin karatu, a birni kuwa mai ƙosai ba ta da rani, sai tsakanin azahar da la'asar. A unguwannin da Hausa da Zabarmanci suke tsakar gida ɗaya, a shirya littafin cikin harsunan biyu.

Kammalawa

Cikin kusan shekara ɗari iyalan Yamai sun jingina da rumbun ƙauye, sa'an nan da albashi haɗe da rumbun, sa'an nan da filin da aka samu aka gina, sa'an nan da sana'ar mata da adashinsu. Babu wadda ta ɓace gaba ɗaya, gidan da ya fi zama lafiya kuwa a kowane zamani shi ne wanda ya haɗa biyu ko uku daga cikinsu, mutanensa kuma suka yarda da juna a kan lissafi. Takardun hukuma sun adana farashi da dokoki da yawan jama'a. Yadda aka raba tiya ɗaya ga baki goma a 1974, ko a 1994, yana bakin tsofaffin matan Zango da Bukoki da Talaje. Ya kamata a ɗauki maganarsu a rubuta ta da harshen da suka faɗe ta, a kuma ciro darussan ajin birni daga cikinta.